Gadon Mai Goro

Fataucin goro tsakanin ƙasar Hausa da Gwanja tsohuwar sana'a ce. Fatake sukan tashi daga Kano da Katsina a ƙarƙashin madugu, su kai kanwa da tufafi da fatu kasuwar Salaga, su komo da goron kurmin Asante. Bayan yaƙin basasar Salaga na 1892 da yawansu suka gangara kudu, a hankali Kumasi ta zama babban zangonsu. Cikin jikokin waɗannan fatake akwai wani dattijo da yake sayar da goro a can har yau, wanda ba ya zancen kasuwa ya ƙare bai ambaci mahaifinsa ba.

Aikin farko da uban ya ɗora masa, tun yana ɗan shekara goma, shi ne kwance huhu. Goro ba ya son zafi, ba ya son bushewa. Sai a naɗe shi cikin ɗanyen ganye, a riƙa buɗewa lokaci-lokaci ana sake ganyen, ana tsince wanda sankara ta shiga. Yaron yakan ƙosa, ya so ya duba na sama kawai ya ɗaure. Uban yakan ce masa: "Kai yaro, goro ɗaya da ka ƙyale yau, ƙwarya guda zai ci maka gobe." Ƙwarya kuwa a bakin masu goro ɗari ke nan. A nan ya fahimci cewa dukiya a ɓoye take fara lalacewa, kuma mai ita ne ya kamata ya fara gani.

Darasi na biyu a wajen ware kaya yake. Marsa daban, ƙanana daban, ba a jera manya a bakin huhu a binne ƙanana a gindi. Mai saye a Sakkwato ko Yamai ba ya ganin kayansa sai sun kwana da yawa a hanya, saboda haka abin da ya biya wa kuɗi maganar mai kaya ce. Duk ranar da maganar nan ta karye, cinikin ya mutu ko da goron yana da kyau.

Na uku shi ne mai tsada. A watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Kofi Busia ta ba baƙin da ba su da takardun zama mako biyu su fita daga Gana. Uban yana cikin waɗanda dokar ta hau kansu, ga shi kuma manoma suna bin sa kuɗin goron da ya ɗauka bashi, ba takarda ba shaida. Ya karyar da sauran kayansa, ya haɗa da kekensa da rediyonsa, ya bi ƙauyuka yana biya. Ɗan ya ce: "Baba, mu da za mu tafi, wa zai biyo mu Maraɗi neman kuɗi?" Uban ya ce: "Bashi hanji ne, yana cikin kowa. Amma wanda ya gudu da na mutane, 'ya'yansa ya toshe wa hanya."

Sun isa Maraɗi hannu rabbana. Yaron ya bar karatun boko ya shiga talla, uwarsa ta daɗe tana ganin an zalunce su, uban kuma bai sake tara abin da ya rasa ba har ya koma ga Mahaliccinsa. Bayan juyin mulkin 1972 da ya kawar da Busia, al'amura suka yi sauƙi, ɗan ya koma Kumasi ba shi da jari. Da ya faɗi sunan mahaifinsa a ƙauyukan nan, sai manoman suka ba shi goro ya je ya sayar ya kawo kuɗi. Da wannan ya tsaya da ƙafarsa.

Yau da wayar salula ake yin odar goro, ta waya kuma ake tura kuɗi, amma har yanzu mai saye ba ya ganin abin da ke cikin huhu sai ya iso. Dattijon yakan gaya wa yaransa cewa ubansa bai bar masa gida ko gona ba, sunansa kawai ya bar masa, kuma da shi yake ciyar da iyalinsa fiye da shekara hamsin.