Awo Ashirin Tsakanin Gira da Gira

Bahaushe ya ce labarin zuciya a tambayi fuska. To, yau ga shi an sami allurar da in an yi wa mutum ita, ko an tambayi fuskar sai ta ba da rabin labari ta riƙe rabi. Ita ce ake kira Botox, wadda masu hali, mata da maza, suke zuwa a tsira musu a goshi da gefen ido don a kori tamoji. Ana yin ta a Turai da Amurka da Dubai, har Legas da Abuja ma akwai asibitocin da suke yi. Ni dai ɗalibar Hausa ce, ba abin da ya haɗa ni da sirinji. Amma tun da na fara tattara kalmomin da Hausawa suke kwatanta motsin fuska da su, domin kundin da zan rubuta na kammala digiri, sai maganar allurar nan ta riƙa tare mini hanya. Dalili kuwa, duk inda likita yake auna maganinsa ya tsira, wurin nan muna da kalma a kansa.

Asalin maganin guba ne, gubar ma irin wadda ba a san ta biyunta ba wajen ƙarfi. Wata ƙwayar cuta ce take fitar da ita a cikin abincin da aka adana ya lalace. A shekarar 1895, a wani ƙauyen ƙasar Beljiyam mai suna Ellezelles, wasu makaɗa suka ci naman da aka adana da gishiri bayan wata jana'iza, uku daga cikinsu suka mutu. A ragowar naman nan ne wani malami, Émile van Ermengem, ya gano ƙwayar. Aka yi shekaru ana tsoronta, sai wani likitan ido na birnin San Faransisko, Alan Scott, ya ga cewa abin da yake shanye tsoka zai iya sassauta tsokar da take jan ido gefe guda, watau ya yi wa mai harara-garke magani. A 1989 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yarda da wannan amfani. Maganar ado kuwa a Kanada ta ɓullo. A 1987 wata likitar ido ta birnin Bankuba, Jean Carruthers, ta lura cewa marasa lafiyan da take yi wa allurar, layukan da ke tsakanin girarsu suna bajewa. Mijinta likitan fata ne. Sauran labarin mai karatu ya iya ƙarasawa da kansa. A 2002 hukumar ta ba da izinin yin allurar don ado, amma a wuri ɗaya tak, tsakanin gira da gira. Gefen ido sai 2013, goshi kuwa sai 2017.

Maganin ba ya taɓa fata ko kusa. Jijiya takan aika wa tsoka saƙo cewa ta motsa, shi kuwa sai ya tare ɗan aiken a hanya. In tsoka ba ta motsa ba, fatar da ke kanta ba za ta tattare ba. Cikin 'yan kwanaki ake fara ganin aikinsa, ya kankama a mako biyu, bayan wata uku zuwa huɗu jijiya ta farfaɗo, tamoji ya komo gidansa, mai fuska kuma ta koma wajen likita da kuɗinta a hannu.

Awon da ake auna shi da shi ana kiransa yunit, kuma labarinsa ya ba ni tsoro da na fara jinsa. A asali, yunit guda shi ne gwargwadon gubar da in an yi wa garken ɓeraye allurarta a ciki, rabinsu za su mutu. Tun 2011 kamfanin da ke yin Botox ya sami izinin gwaji da ƙwayoyin halitta a maimakon ɓeraye, amma ma'aunin dai daga can ya samo tushe. 'Yar kwalba mai yunit 100, gubar da ke ciki ba ta wuce kashi 5 cikin biliyan na giram ɗaya ba. In ka ɗaga kwalbar ka duba sai ka rantse ba kome a ciki. Likita yakan zuba mata ruwan gishiri mililita 2.5, ya zama kowane ɗigo na mililita 0.1 yana ɗauke da yunit 4. Sa'an nan kuma mudun kowane kamfani daban ne, kamar yadda tiyar wata kasuwa ba ta zo daidai da ta wata ba. Wurin da ake sa yunit 20 na Botox, in Dysport ne yunit 50 ake sawa. Wanda ya koyi sana'ar a shagon gyaran gashi, ya ɗauki lissafin wannan ya auna wancan, ya ninka wa mutum guba fiye da sau biyu ke nan. Ko a Amurka, a 2024, an kwantar da mutane a asibiti a jihohi da dama saboda jabun magani da hannun waɗanda ba su da lasisi.

Bari mu fara da tsakanin gira, don nan ne Hausa ta fi arziki. Mukan ce ya ɗaure fuska, ya murtuke, ya haɗe rai, ya sha kunu, ya sha mur, ta haɗe girar sama da ta ƙasa. Duk waɗannan kalmomi, tsokoki uku ne ƙanana suke yi musu aiki: biyu masu jawo gira su haɗa ta a tsakiya, ɗaya mai jan ta ƙasa daga karan hanci. Awon da takardar maganin ta ƙayyade shi ne yunit 20, a wuri 5, kowane wuri yunit 4. Namiji, da yake tsokarsa ta fi kauri, likitoci sukan kai masa 30 ko 40. Ku duba fa, 'yan'uwa ɗalibai, ɗigo biyar na ruwa sun isa su raba mutum da shan kunu wata huɗu cur. Na tuna malaminmu na firamare wanda bai taɓa ɗaukar bulala ba, girarsa kawai yake haɗewa aji ya yi tsit. Da an yi masa yunit 20 ɗin nan, lalle sai ya nemi dorina. Wurin kuma yana da haɗari nasa. An ce a tsira allurar aƙalla santimita ɗaya sama da ƙashin kwarmin ido, don in maganin ya gangara ya sami tsokar da ke ɗaga fatar ido, sai idon ya yi rabin rufewa na makonni. A gwaje-gwajen da aka yi kafin ba da izini, kimanin mutum 3 cikin 100 abin ya same su.

Goshi ya fi wuyar sha'ani, ko da yake shi ma yunit 20 ne a wuri 5. Tsokar goshi ita kaɗai ce mai ɗaga gira sama, sauran duk ƙasa suke ja. Saboda haka in an kwantar da ita aka bar na tsakanin gira da ƙarfinsu, girar sai ta zubo ta danne ido, mutum ya zama kamar wanda bai yi barci ba kwana uku. Shi ya sa ake haɗa su, 20 a nan 20 a can, jimla 40, kuma a nisanci gira da santimita biyu. Likitoci da yawa ma ba su kaiwa 20 ɗin a karon farko, sukan fara da kamar rabi, su ce a dawo bayan mako biyu a gani, tun da ƙari yana yiwuwa amma ragi ba ya yiwuwa. In kuma an yi wa tsakiyar goshi aka manta gefe, sai wutsiyar gira ta miƙe sama ita kaɗai, mutum ya yini yana kallon jama'a kamar mai tuhumarsu da sata. Yunit ɗaya ko biyu ke gyara wannan. Abin da goshi yake faɗa kuwa ba kaɗan ba ne. Da shi muke mamaki, da shi muke tambaya ba tare da buɗe baki ba, yarinya kuma in an tambaye ta a gaban manya takan ɗaga gira kawai, an san ta ce i.

Layukan gefen ido, waɗanda Turawa suke kwatantawa da sawun hankaka, yunit 24 ne, 12 a kowane gefe, a wuri uku-uku. In an haɗa da na baya ya zama 64, shi ne cikakken awon saman fuska a zama ɗaya. Nan ne na fi jin ciwon abin. Wani likitan Faransa, Duchenne, ya nuna tun 1862 cewa murmushin gaskiya ba a baki kaɗai yake ba, sai tsokar da ta kewaye ido ta tsuke tare da shi. Kakanninmu ba su karanta Duchenne ba, amma sun raba murmushi da yaƙe, har suka ce yaƙe ya fi kuka ciwo. Mene ne yaƙe in ba baki ya buɗe ido bai bi shi ba? Likitan da ya cika hannu a gefen ido, amarya za ta yi farin ciki har zuci, hoto kuma ya fito da yaƙe.

Ƙasan fuska ba na daɗe a kai ba, don galibinsa ba ya cikin abin da hukumar ta rubuta izininsa, gwanintar likita ce kurum. Awon nan ƙanana ne ƙwarai, yunit biyu-biyu ko kusa da haka: a gefen hanci don hana yatsina, a ƙasan kusurwar baki don hana taɓe baki, a leɓen sama don ya ɗan juyo waje. Malamanmu na ilmin furuci za su gane haɗarin na ƙarshen nan tun kafin in faɗa. Da leɓɓa ake furta b da ɓ da m da f, in leɓe ya yi sanyi sai “baba” da “mama” su gagara fita sosai, balle tsaki. Tsokar tauna ta muƙamuƙi ita ce mai cin magani da yawa, 20 zuwa 30 a kowane gefe, abin da ya yi kasuwa a Koriya ta Kudu wajen masu son siririyar haɓa.

Wani abu kuma da ya shafe mu kai tsaye, mu masu nazarin harshe. A 2010 wani mai bincike na Jami'ar Wiskonsin, David Havas, da abokan aikinsa suka ba mata kimanin 40 jimloli su karanta, kafin a yi musu allurar tsakanin gira da kuma mako biyu bayanta. Jimlolin farin ciki ba abin da ya sake. Na fushi da na baƙin ciki kuwa, sai aka ga sun ɗan ƙara jinkiri wajen fahimtarsu. Jinkirin ƙanƙane ne, bai kai daƙiƙa guda ba, amma yana nuna mai karatu yakan ɗan haɗe gira a ɓoye kafin ma'anar fushi ta shige shi. Ashe fuska tana taya kunne ji.

Ba na cikin masu yi wa matan nan dariya, domin ina da gwaggo, ƙanwar mahaifina, wadda ta yi. 'Yar kasuwa ce, tana zuwa Dubai saro atamfa da leshi. Tun tana budurwa take da layi biyu a tsaye tsakanin girarta, ko tana cikin raha sai ka ce an ɓata mata rai. Masu sayen kaya suna tsoron yi mata tayi, 'ya'yan mijinta in sun hango ta sai su canza hanya, ita kuwa ba ta taɓa ɗaga wa ɗayansu murya ba. Shekara talatin fuskarta tana yi mata ƙarya. A wata tafiya ta shiga wani asibiti a can, aka haɗa mata duka wurare ukun, cikakken awo. Ta dawo fuska sumul kamar tangaran, kowa yana cewa hutu ya karɓe ta.

Kwana goma sha biyu da dawowarta wan mijinta ya rasu, mutumin da ya riƙe ta kamar 'yarsa tun ranar da aka kawo ta gidan. Ina zaune kusa da ita a wajen zaman makoki. Hawaye yana zuba, murya ta dushe, amma daga gira zuwa sama ba abin da ya motsa. Na ji da kunnena wata tsohuwa tana raɗa wa ta kusa da ita cewa kukan na ganin ido ne. Aka yi sadakar uku, aka yi ta bakwai, aka yi ta arba'in, goshin nan yana nan yadda yake. Maganar ta kai kunnen matar mamacin, kuma an fi shekara kafin su koma gaisawa kamar da.

Da maganin ya sake ta, na zaci ta bar shi ke nan. Ina! Ta koma, amma da sharaɗi. Ta ce mini, “Ke 'yar nan, cewa na yi da likitan ya cire mini faɗa ya bar mini tausayi.” Likitan ya gaya mata ba a iya raba su sarai, don tsokar da take haɗe gira a fushi ita ce dai take taya goshi karyar da gira a baƙin ciki. Na je na duba, na tarar Charles Darwin ya yi bayanin wannan tun 1872, har ya laƙaba musu sunan tsokokin baƙin ciki. Abin da ya rage musu sai ciniki a kan awo. Suka daidaita a kan yunit 12 tsakanin gira, goshi da gefen ido kuwa ba a taɓa su ba.

Na tambaye ta, “To Gwaggo, layukan fa?” Ta jawo madubi daga jaka ta nuna mini. Suna nan, amma sun yi sanyi, kuma maganin ba ya kai mata wata uku yanzu sai ya sake. Ta ce ta lissafa, in ta bi ta kwana ta fi biyan kuɗi a kan wancan karon. Sa'an nan ta haɗe girar iyakar ƙarfinta don in gani, girar ta matso kamar rabin hanya ta tsaya.