Ƙaura Zuwa Garwa

Ɗan soja ba ya daɗewa a gari ɗaya. Idan aka mai da uba daga Yawunde zuwa barikin sojan sama na Garwa, sai iyali su ɗaure kaya. Jirgin ƙasa zai kai su Ngaundere, inda layin dogo ya tsaya tun 1974. Daga nan sai mota, har su haye gadar kogin Binuwai.

Garwa akwai zafi, kuma Fulatanci ake yi a kasuwa. Yaro ya baro abokansa, ya shiga aji bai san kowa ba. Ranar farko ita ce mai wuya. Amma in wani ɗalibi ya matsa masa a benci, ya ce masa "Jam na?", ya koya masa amsawa da "Jam", to baƙunci ya fara ƙarewa.