A Lamorde, Tsakanin Ƙwaryar Nono da Labarin Giyar Italiya

Mafi yawan 'yan Najeriya da ke zuwa Yamai iyakarsu gaɓar hagu ta kogi. Su shiga Babbar Kasuwa, su leƙa kasuwannin Katako da Wadata, su gama abin da ya kawo su, su juya gida. Ni masaukina yana can tsallake, a ɓangaren da mutanen gari ke kira Harobanda. Daga Kano muka bi ta Katsina da Jibiya muka faɗa Maraɗi, muka miƙe yamma ta Galmi, inda buhunan albasa ke jibge a bakin titi, muka wuce Ƙonni da Dogon Dutsi da Dosso. Lokacin bazara ne. Da muka hau gadar Kennedy, wadda aka buɗe a 1970, sai ga kogin Kwara, da a nan ake ce wa Isa, ya janye ya bar tsibirai da ciyayi, shanu suna kiwo ruwa iya gwiwarsu.

Lamorde tsohon ƙauyen Fulani ne da birni ya cim masa. Jami'ar Abdou Moumouni, wadda ta soma a 1971, tana nan maƙwabtaka, haka babban asibitin ƙasa da ɗaliban likitanci ke koyon aiki a cikinsa, haka cibiyar AGRHYMET mai nazarin yanayi da noma ta ƙasashen Sahel, da aka kafa a 1974. Sai ka ga ɗalibi rungume da littattafai yana kauce wa garke a lungu ɗaya. A jikin wasu gidaje har yanzu ana ganin shatin ruwan ambaliyar 2020, shekarar da madatsar bakin kogi ta ɓalle ruwa ya shigo unguwa. Zabarmanci da Fulatanci ne a bakin mutane, amma Hausa ba ta bar ni da yunwa ba ko sau ɗaya.

Mai masaukina malamin aikin gona ne, ya yi wani ɓangare na karatunsa a Italiya. Shi ya ce in ina son ganin ilimin da ba a koyarwa a tsangayarsu, in tashi da sassafe.

Wurin wata dattijuwa mai nono ya kai ni. Kowa Inna yake ce mata. Tana zaune a inuwar bango, ƙore a jere gabanta, kowace an rufe ta da faifai. Kafin masu saye su fara zuwa, samari ne ke isowa kan babura da kekuna daga rugagen da ke hanyar Torodi da ta Say, da jarkokin madara ɗaure a baya. Ba ta karɓar jarka sai ta gwada. Takan zuba kaɗan a ludayi, ta karkata shi ta ga yadda madarar ke gangarowa, ko tana barin fari a jikin ludayin ko tana zamewa tas. Ta kai hanci. Ta ɗiga a bayan hannunta ta murza da yatsa. Sai a ƙarshe ta kurɓa, ta riƙe a baki jim kaɗan kafin ta haɗiye. A gabana ta mayar wa wani saurayi jarkarsa. Ba ta ɗaga murya ba. Cewa ta yi, "Ɗana, an surka wannan. Kai wa wanda bai sani ba." Yaron ya sunkuyar da kai, ya ɗaure kayarsa, ya wuce.

Da ta samu sarari, mai masaukina ya ce, "Inna, baƙona daga Kano yake, ki ɗanɗana masa ya ji bambanci." Ta ɗebo mini kindirmo daga ƙwarya biyu. Na farko mai kauri ne, yana tsayawa a ludayi, tsaminsa a hankali yake zuwa, ya bar maiƙo a dasashi. Na biyu ya fi sauƙi, ya fi kaifin tsami, yana da wani ƙamshi na ɗanyar ciyawa. Ta ce na farkon na shanun gida ne da ake ba dusa da harawa, na biyun kuma na shanun bakin kogi ne masu cin burgu, ciyawar nan da ke tsirowa cikin ruwa, wadda ake yankowa a kwalekwale a sayar dami-dami idan rani ya tsananta. Daga nan bayani ya ɓalle. Madarar damina tana da yawa amma ba ta da nauyi, man da ake samu daga gare ta rawaya ne, na rani kuwa fari-fari. Saniyar Azawak ta fi ba da yawa, Jalli ta bakin kogi ta fi jure ruwa da sauro, jajayen shanun Bororo masu dogon ƙaho ba a cika samun madararsu a gari ba sai an bi su daji. Nonon da ya kwana a ƙwarya daban, wanda ya kwana a roba daban. Wanda aka kaɗa aka cire wa mai, aka mayar tsala, sannan aka zuba masa garin 'ya'yan kuka don ya yi kauri, tana gane shi tun kafin ya kai bakinta, domin tsamin kuka a gefen harshe yake tsayawa, na nono kuwa yana bin maƙogwaro. Ban taɓa jin an yi wa nono irin wannan filla-filla ba, alhali da fura aka yaye ni.

Da dare, a fadar samarin unguwa, ana dafa shayi a kan gawayi, ana ɗaga buta sama ana tsiyayawa har kumfa ta cika ƙananan kofuna, mai masaukina ya ba ni labarin Italiya. Ya ce abin da na ga Inna ta yi da safe, shi ya gani ana yi a can, da bambancin cewa su giyar inabi suke gwadawa, sanye da kwat, ana kuma biyansu. Shi Musulmi ne, bai taɓa kai ta bakinsa ba, ni ma haka, kuma haramcinta ba abin da za mu yi jayayya a kansa ba ne. Amma karatun aikin gona a can ba ya yiwuwa ba a shiga gonakin inabi ba, don haka ya zauna ya kalli yadda suke yi.

Mai ɗanɗano yakan ɗaga kofin gilashi ya duba launi a jikin farin ƙyalle, ya juya kofin a hankali don ƙamshi ya taso, ya shaƙa, ya kurɓa ya juya ta a baki, sannan ya tofar a wani mazubi, domin in ya haɗiye kowace hankalinsa zai gushe kafin ya kai ta goma. Daga nan ya faɗi irin inabin, da yankin da aka noma shi, wani lokaci har shekarar. Suna da ƙungiyar masu wannan sana'a tun 1965, da darussa da jarrabawa. Abin da ya fi ɗaukar hankalin mai masaukina shi ne dokar da ke bayan kofin. Tun a 1716 mai mulkin Tuskani, Cosimo na Uku na gidan Medici, ya shata iyakar ƙasar da za a kira giyarta Chianti. A 1963 gwamnatin Italiya ta kafa tsarin DOC, wanda ya ɗaure kowane suna da yankinsa da irin inabinsa da yadda za a sarrafa shi, a 1980 kuma aka soma mataki mafi tsanani, DOCG. Barolo, alal misali, ba ta fitowa sai daga ƙananan hukumomi 11 na yankin Piyemonte, daga inabin Nebbiolo kaɗai, kuma sai ta yi aƙalla wata 38 a ajiye, 18 daga ciki a gangar itace. Kafin a ba kwalba lambar gwamnati da ake liƙawa a wuyanta, sai kwamitin masu ɗanɗano ya gwada ba tare da ya san ta wane ne ba. Manomin da gonarsa ta faɗo cikin shatin, ko ƙarama ce, sunan ya zama dukiyarsa da ta jikokinsa.

Ba a banza suka tsananta ba. A 1986 wasu 'yan kasuwa sun haɗa giya mai araha da sinadarin methanol, mutum kusan 20 suka mutu, wasu suka makance, ƙasashen waje suka tsayar da saye. Bayan wannan masifa ne masu gonaki da yawa suka rage yawan abin da suke fitarwa suka koma neman inganci. A shekarar ce kuma Carlo Petrini ya kafa a garin Bra ƙungiyar da ta zama Slow Food, mai kare abincin gargajiya da ƙananan masu sana'arsa.

Na ce masa wannan duk zancen giya ne, ina ruwan mai nono? Sai ya ce ai irin tsarin suka shimfiɗa wa cukunsu. Parmigiano Reggiano ba a yinsa sai a larduna biyar na arewacin ƙasar, da madarar shanun da aka ƙayyade abin da za su ci. Idan dunƙulen ya cika wata 12, gwani yakan zo da 'yar guduma ya ƙwanƙwasa ta ko'ina yana sauraro, in ya ji alamar rami a ciki, a kankare sunan daga jikinsa. Kunnen mutum ɗaya ne ke yanke hukunci a kan kayan da ake kaiwa har Amurka da Japan, hukuma kuma tana tsaye a bayansa.

A nan ne raina ya sosu. Harshen Inna bai gaza na wancan gwanin ba, na gani da idona. Amma hukuncinta iyakarsa inuwar bangon da take zaune. Saurayin da ta kora zai sami mai saye a lungu na gaba, a farashi ɗaya da wanda ya kawo tsantsa. Babu wata alama da za ta nuna wa uwar gida a unguwar Plateau ko Yantala cewa wannan kindirmon na shanun burgu ne, ya kuma cancanci ƙarin kuɗi. Kuma abokin gasarta na gaske ba wancan yaron ba ne. A shagunan Lamorde, kamar na Kano, buhunan garin madara ne jibge. Da yawa daga ciki madarar Turai ce da aka cire wa manta aka mayar da man ja a madadinsa, kuma ta ƙaru a kasuwanninmu tun da Tarayyar Turai ta soke ƙayyade yawan madarar da manomanta za su samar a 2015. Tsarin harajin bai ɗaya na ECOWAS kashi 5 cikin 100 kacal ya ɗora wa manyan buhunanta. Da ita ake yin mafi yawan yogot ɗin leda da ɗalibai ke sha da rana, har wasu masu fura sun koma dama ta a gida su bar ta ta kwana su kira ta nono. Tana da araha, ba ta lalacewa da wuri, ba ta san rani ko damina ba. Ba na zargin talakan da ya saye ta. Abin da nake tsoro shi ne yaron da ya tashi da ita zai ɗanɗana kindirmon Inna ya ce yana ƙarni.

Nijar ba ta zauna haka nan ba, kuma a wannan fanni ta sha gabanmu. Akwai cibiyoyin tara madara a Hamdallaye da Kollo, inda makiyaya ke kawowa a gwada a sanyaya kafin a shigo da ita Yamai. Tun 2018 ƙungiyoyin makiyaya na yankin suke gangamin kira ga mutane su sha madarar gida. Hukumar OAPI, mai kare haƙƙin mallakar fasaha da ke Yawunde, ta yi wa kilishin Nijar da albasar Galmi rajista a matsayin kayan da sunansu ke ɗaure da wurinsu, irin tsarin da Italiya ta daɗe a kai, cukun Nijar da fatar jar akuyar Maraɗi kuma suka sami alamar haɗin gwiwa. Mu a Kano, da duk kilishinmu da fatunmu da rininmu na Ƙofar Mata, ya kamata mu tambayi kanmu ina muka kwana.

Sai dai takardar rajista ba ta ɗanɗano. A Italiya takarda tana aiki ne saboda akwai mutanen da aka horar, aka yarda da bakinsu, aka zaunar da su a kwamiti. A Lamorde mutanen suna nan, horonsu ya fi na kowace makaranta tsawo, amma ba wanda ya kira su. Daga inda Inna ke zama zuwa tsangayar aikin gona tafiyar ƙafa ce. Ban ga abin da zai hana a gayyaci irinta goma ko ashirin ba, a jera musu ƙore ba tare da an faɗa musu daga ina suka fito ba, a rubuta abin da kowace ta ce, a gwada da abin da na'urar ɗakin bincike ta nuna, a adana kalmomin da suke siffanta nono da su cikin Fulatanci da Zabarmanci da Hausa. Ɗalibi ɗaya mai himma zai iya soma wannan da kundin kammala karatunsa. Matan kuma a biya su, kamar yadda ake biyan kowane gwani da aka nemi iliminsa.

Mai karatu, idan hanya ta kai ka Yamai, ka tsallaka gada ka shiga Lamorde da hantsi, kafin rana ta ƙara wa nono tsami. Ka nemi dattijuwar da ƙorenta ke rufe da faifai, ka tambaye ta abin da shanun suka ci, ka sha furarka a gabanta, kuma in ta faɗi kuɗi kada ka nemi ragi.