Ɗanja: Abin da Na Tarar a Ƙarƙashin Wurin Wanke-wanke

Mai zuwa Ɗanja daga Zariya ba sai ya zaga ta Funtuwa ba. Ta Basawa ake fita, a ratsa Hunƙuyi, hedikwatar ƙaramar hukumar Kudan, kafin a ankara an bar jihar Kaduna an faɗa Katsina. Nan na bi da sanyin safiya a tsakiyar hunturu, cikin motar haya da aka ɗaure mata buhunan taki a baya. Hazo ya sauko sosai, amma duk inda hanya ta gangara fadama sai kore ya bayyana: tumatir, attaruhu, albasa, ga rake tsaye ya fi mutum tsawo. A bakin titi an jera kwanduna ana jiran manyan motocin da za su kwashe su zuwa Kudu. Wanda bai samu ciniki ba kuwa ya yanka nasa ya shanya, ya zama kauɗa.

Da kuɗin wannan tumatir ƙanena ya gina gidan da na je gani. Ya fara tara bulo tun kafin 2016, shekarar da tsutsar tumatir ta cinye gonaki a Katsina da Kano da Kaduna ta mai da manoma da yawa baya. Shi ma ginin ya tsaya a linta sai da kaka ta sake yin kyau. Yanzu an gama, biki ya matso, 'yan jere na shirin zuwa, shi ya sa ya matsa in zo in sa albarka.

Gidan ya yi kyau, ba na rage masa komai. Tayil har bango, silin mai ado, fenti ruwan madara, tankin ruwa a kan ƙarfe yana shan ruwa daga rijiyar burtsatse. Da muka shiga kicin ya murɗa famfo, ruwa ya zubo da ƙarfi, ya dube ni yana murmushi. Ya ce, "Yaya, ka ga amarya ba za ta taɓa jan guga ba." Na taya shi murna har zuciya. Sai dai tun shigowarmu hancina ke jin wani ɗan wari da bai kamata a ji a ɗakin da ba a taɓa girki a ciki ba. Na durƙusa na buɗe ƙofar kabad ɗin da ke ƙarƙashin wurin wanke-wanken.

An fasa bango da kurfi, aka bar ramin haka nan ba a shafe ba, ɓaraguzan siminti na zube a kan katako. Bututun da ke kawo ruwa ya gitta ta gaban wanda ke fitar da shi, an haɗa gaɓoɓinsa ta hanyar gasa bakin roba a wuta a cusa wani a ciki, har ga baƙin hayaƙi a jiki, gam ya dalalo ya bushe. Babu makunnin da za a rufe ruwan kicin shi kaɗai, wato ranar da wani abu ya fashe sai an ruga waje an rufe tanki, gida duka ya zauna ba ruwa. Daga gindin sinkin kuma an saƙalo bututun roba mai lanƙwasa, irin mai ƙwarya-ƙwaryar nan, ya yi lilo, ya sake hawa, sannan aka zura bakinsa cikin wani babban fayif da ya fi shi faɗi. Gibin da ya rage aka toshe da leda, aka naɗe da robar tayar keke. Na sa hannu a ƙasa na ji laima.

Mu da muka tashi a gidajen ƙasa mun san inda ruwan wanke-wanke ke bi. A tsakar gida ake yi, kusa da rariya, ruwa ya bi ta ƙarƙashin katanga ya fita, kaji su tsince ƙanzo. In rariya ta toshe, yaro ya sa kara ya zokale, shi ke nan. Komai a fili yake. Da aka shigo da wanke-wanke cikin ɗaki, sai hanyar ruwa ta koma cikin bango da ƙarƙashin daɓe, inda ido ba ya kaiwa, kuma wannan hanyar tana da ƙa'idojinta da ba ta yafe wa kowa.

Babbar ƙa'idar ita ce 'yar gwiwar nan da ake sa wa a ƙarƙashin sinki, wadda kullum take riƙe da ruwa kamar santimita 5. Wannan ɗan ruwan shi ne ƙofar da ke hana iskar masai da kyankyasai hawowa cikin ɗaki. Dabarar ta tsufa: wani maƙerin agogo ɗan Sikotlan mai suna Alexander Cumming ya yi mata rajista a Landan tun 1775. A kicin ɗin ƙanena babu ita, kuma da muka zaga bayan gida muka bi sawun bututun, sai ga shi ya nufi ramin masai kai tsaye. Warin da na ji ke nan. Sai kuma gangara. Bututun sinki, mai faɗin inci ɗaya da rabi, yana son ya sauka da kamar santimita 2 da rabi a kowace mita. In ya kwanta daidai, ko ya ɗaga kai yadda na ƙanena ya yi, ruwa zai tafi a hankali ya bar kayan da ya ɗauko. Kayan kuwa a girkinmu ba kaɗan ba ne: manja, man gyaɗa, man shanu, ragowar tuwo, da toka ko yashin da ake dirje tukunya da shi. A sanyin Ɗanja mai daskarewa yake yi, ya kama yashi, ya zama dutse a cikin ƙwaryoyin robar nan.

Ƙanena ya fusata, ya aika a kira mai aikin famfon. Na zaci saurayi zan gani mai rawar kai, sai ga magidanci natsattse da jakar kayan aiki a bayan babur. Ya gaishe mu, ya leƙa, bai musa komai ba. Ya ce, "Alhaji, ka tuna sai da aka gama filasta aka manna tayil sannan aka kira ni. Na rubuta maka kaya, ka ce a cire wannan a cire wancan, tunda ba gani za a yi ba. Araha ba ta ado." Ƙanena ya yi shiru.

Ban wanke mai aikin ba. Wanda ya san daidai ya yi akasinsa ya karɓi kuɗi, da saura a kansa, kuma ramin da ya bari a bango da ledar da ya cusa ba tsadar kaya ce ta jawo su ba. Amma maganarsa ta taɓa inda ciwon yake. Muna kashe dukiya a kan abin da baƙo zai gani ya yaba, in an zo kan abin da ke bayan ƙofa sai mu fara taya kamar a kasuwar kara. Nijeriya na da kundin ƙa'idojin gini tun 2006, akwai kuma jarrabawar sana'a da makarantun koyon aikin hannu, amma a gidan manomi mai gina ɗakinsa da guminsa, mai duba aiki shi ne mai gidan, shi kuwa tumatir ya sani. Abin da ya fi damuna shi ne wanda zai biya bashin. Maigida da safe zai tafi fadama. Yarinyar da za a kawo ce za ta wuni da wari, ta riƙa tara roba a ƙarƙashin yoyo, katako ya ruɓe, gara ta samu hanya, ƙarshe ta kwashe kwanukanta ta koma tsakar gida, a ce ba ta iya zama da kayan zamani ba.

Washegari muka ɗauki mai aikin muka nufi Funtuwa ta Bakori, don a can ake samun kaya iri-iri a zaɓa. Gonakin auduga da dawa duk an girbe, sai karare a tsaye da shanu na kiwo a ciki. A shagunan kayan gini na ga abin da ban zata ba: gwiwar da ake ta magana, da makunni biyu, da fayif mai kauri, da maƙalan da ke riƙe shi a bango, gaba ɗaya kuɗinsu bai kai na fitilar adon da ke rataye a falon ƙanena ba. Mai shagon ya ce masu sayen bututun lanƙwasa sun fi yawa, don ba ya bukatar awo ko yanka, ko yaro zai iya zura shi.

Gyaran ya ci yini guda. Aka cire kabad, aka ɗaga tayil biyu, aka sauke bakin bututun da ke bango don ruwa ya samu gangara. Mai aikin ya yi awo kafin ya yanka, ya goge kowace gaɓa kafin ya shafa gam, ya jera na ruwa mai kyau a sama, na ƙazanta a ƙasa, ya bar wurin da hannu zai shiga a kwance gwiwar a wanke in ta cika. Birkila ya toshe ramin. Sannan muka cika sinkin fal, muka shimfiɗa busasshiyar takarda a ƙasa, aka zare marfi. Ruwa ya wuce da gudu, takarda ba ta jiƙe ba. Mutumin nan ya iya aiki, tun farko ma ya iya.

Goggonmu, wadda za ta jagoranci 'yan jere, ta zo da yamma ta duba. Ta sa aka buɗe mata kabad ɗin ta leƙa da kanta, ta tambayi inda ake rufe ruwa, aka nuna mata. Ta ce wa ƙanena, "To, ɗan nan, ka sayo matacin da za a sa a bakin ramin sinkin, ni kuma zan gaya mata kada ta zuba mai ko ƙanzo a ciki."

Aiki ɗaya ya rage. Ruwan kicin na bukatar nasa ramin daban da na masai, da ɗan akwatin siminti a hanya inda maiƙo zai taru a riƙa kwashewa. Ƙanena ya ce sai ya sayar da tumatirin da ke gona. Na ce masa lallai a haƙa kafin ruwan farko ya sauka, don in ƙasa ta sha ruwa ramin masai zai cika da wuri. Na karɓi lambar mai aikin, muka yi da shi zan kira in ji ranar da za a fara, sannan na nemi motar Zariya.