Garmahon Kakana da Akwatin Waƙa Mai Cin Kwabo

Duk ɗalibin da ya taɓa miƙa wa mai turi wayarsa ya ce a zuba masa waƙoƙi, ya yi abin da mutanen Amurka suka fara yi tun kafin a haifi kakannin kakanninmu: ya biya kuɗi, ya zaɓi waƙar da ransa ke so. Sai dai su a can akwati ne ke yin wannan aiki, ba mutum ba. Suna ce masa jukubos, mu kuwa sai mu ce akwatin waƙa mai cin kwabo. Ka jefa masa kwabo, ka danna lambar waƙa, sai wani hannun ƙarfe da ke ciki ya zaro faifai daga jeri ya ɗora, allura ta sauka, kiɗa ya tashi.

An fara ajiye irinsa ranar 23 ga Nuwamba, 1889, a wata mashaya mai suna Palais Royale a birnin San Francisco. Louis Glass da abokin aikinsa William Arnold ne suka haɗa wa na'urar Edison ramin jefa kwabo. Waƙa ɗaya tak ke cikinta, kuma sai mutum ya kara bututu a kunne kafin ya ji. A 1946 kamfanin Wurlitzer ya fito da samfurin da ya fi kowane suna, mai lamba 1015. Yana ɗaukar faifai 24, yana da fitilu masu sauya launi da bututun gilashi da kumfa ke ta hawa a cikinsu, kuma an ƙera fiye da 56,000. A 1948 sai kamfanin Seeburg ya zo da wanda za ka zaɓi waƙa cikin 100, daga faifai 50, gaba da baya.

Yau waɗannan akwatuna sun zama kayan masu tara kayan da. Wanda aka gyara tsaf yakan kai dubban daloli. Mai saye yakan duba ko sassan jikinsa na asali ne ko an yi masa canji, ko hannun ƙarfen na zaro faifan da aka danna, ko katakonsa bai sha ruwa ba. Yakan kuma tabbatar ba sabon ƙira ba ne, don a 1986 Wurlitzer ya sake yin wani mai kama da na 1946 sak, ya sa masa suna One More Time. A ido kamar an tsaga kara, a farashi kuwa da sauran magana.

Ba don ina shirin sayen jukubos na bi diddigin wannan labari ba, wanda ke fama da kuɗin rajista ina shi ina dala. Dalilin shi ne a gidanmu da ke Kambarawa, cikin birnin Katsina, akwai ɗan uwansa talaka, wato garmahon marigayi kakana. Fataucin goro ya yi, kuma a wata tafiyarsa Kurmi ya sayo shi. Kamar ƙaramin akwatin tafiya yake, baƙi, a cikin murfinsa akwai hoton karen nan da ya kasa kunne a bakin ƙaho, tambarin His Master's Voice. Ba ruwansa da batir, ba ruwansa da ɗauke wuta. Hannu gare shi a gefe da ake yi masa wani kamar agogon bango, sifirin ɗin ciki ya ɗaure, sannan ya riƙa warwarewa a hankali yana juya faifai sau 78 a minti ɗaya. Allurar ƙarfe na bin tsagar faifan tana rawa, rawar ta kaɗa wani siririn faranti kamar yadda makaɗi ke kaɗa fatar kalangu, sai sautin ya bi ƙahon da ke ɓoye a ciki ya fito. Iyakar dabarar ke nan, amma sai ka ji murya ta cika zaure.

Bayan rabon gado garmahon ya faɗo wa kakata, Hajiya, tare da adakar faifai da ke ƙarƙashin gadonta. Ana nan sai bara, dab da damina, rufin ɗaki biyu ya nuna ba zai kai labari ba. Kawu ya kawo wani dillalin kayan da daga Kano. Kada ku ɗauka Kawu mugu ne, kwano yake son saye, kuma gaskiyarsa. Mutumin ya juya garmahon, ya duba lambar da ke jikinsa, ya yi masa wani ya kasa kunne, ya taya da kuɗin da ya sa kowa ya yi shiru. Da aka jawo masa adaka kuwa, faifai biyu ya ɗaga ya mayar, ya ce waɗannan a ba yara su yi wasa, ko a jira mai gwangwan. Mai gwangwan ma ai ƙarfen adakar zai auna, faifan ya zubar a bola.

A nan muka rabu da dillali. Shi akwatin yake gani, kuma ta fuskar kasuwa bai yi kuskure ba. Amma irin garmahon kakana an ƙera su birjik a Ingila, idan wannan ya lalace akwai dubbai a duniya. Faifan da ke adaka fa? Kamfanonin Turawa sun daɗe da gane cewa akwai kasuwa a nan. Tsakanin 1927 da 1929 kamfanin Zonophone ya ɗauki muryoyin mutanen Afirka ta Yamma a Landan, cikin harsuna da dama har da Hausa, ya buga faifan ya turo su nan a sayar. Daga baya Decca da EMI suka riƙa ɗaukar makaɗa a cikin yankin. Wasu daga cikin faifan Decca suna ajiye a Ɗakin Karatu na Birtaniya, har an mayar da su na kwamfuta. Amma faifan Hausa ba da yawa ake buga su ba idan aka kwatanta da na mawaƙan Turai, kuma ƙasar da aka kawo su zafi gare ta da ƙura da gara. Wanda ya tsira a ƙarƙashin gadon wata tsohuwa a Katsina, ba mamaki 'yan uwansa sun daɗe da zama ɓaraguzai.

Na ce wa Hajiya, "Hajiya, don Allah kada a taɓa adakar nan sai na ji abin da ke ciki."

Ta ce, "Kai maigida, ko cefane ba ka ba ni ba, sai iko da kayan kishiyarka?" Wai garmahon ne kishiyar, don a cewarta marigayi ya fi zama da shi a kan kowa. Aka yi dariya, amma maganata ta shiga. Ta yanke cewa adaka ba ta sayarwa ba ce har abada. Garmaho kuwa zai zauna sai na gama ɗaukar abin da ke faifan a waya, daga nan Kawu ya kira dillalinsa. Rufi dai aka yi masa faci da leda aka ci damina a haka, kuma ban manta cewa saboda ni wasu suka kwana suna tara roba a ƙarƙashin yoyo ba.

Faifai 43 na ƙirga, kuma ba iri ɗaya ba ne. Wannan shi ne abu na farko da ya kamata duk wanda ya tsinci irinsu a gida ya sani. Masu kauri da nauyi, waɗanda ke ƙara kamar tangaran idan ka ƙwanƙwasa, su ne na garmaho. Da shalak ake yin su, wani irin ƙaro ne da wani ƙwaro ke fitarwa a jikin itatuwa a Indiya da Tailan. Ba sa lanƙwasa, fashewa suke yi. Kowane gefe bai wuce minti uku da 'yan daƙiƙoƙi ba, don haka makaɗin da ya saba kwana yana waƙa a gidan biki dole ya dunƙule ta. Idan ka saurara da kyau za ka ji yadda 'yan amshi ke gaggawa a ƙarshe, kamar ɗalibin da aka ce saura minti ɗaya a karɓi takarda.

Sauran ƙanana ne marasa nauyi, na roba, masu juyawa sau 45 a minti, irin waɗanda kamfanin RCA Victor ya fara fitarwa a 1949. Babana ne ya saye su yana saurayi, lokacin da gidan ke da na'urar lantarki da ta daɗe da mutuwa. A cikinsu akwai na Alhaji Mamman Shata, mutumin Musawa, wanda Jami'ar Ahmadu Bello ta ba digirin girmamawa a 1988, ya rasu ranar 18 ga Yuni, 1999, aka binne shi a Daura. Waɗannan ko kusa ba a ɗora su a garmaho. Kan garmaho nauyi gare shi, allurarsa ta ƙarfe ce, sau ɗaya za ta bi ta kan roba ta nome tsagar kamar garma. Wani abin da ya ba ni sha'awa, wasunsu tsakiyarsu a yanke take, 'yan ƙafafu kawai ke riƙe da ita. An yi haka ne don mai jukubos ya ɓalle ta ramin ya yi faɗi, saboda yawancin akwatunan babban rami suke karɓa. Ashe dai adakar Hajiya da akwatin Amurka dangin juna ne.

Aikin da ya fi cin lokaci shi ne wanki. Ƙurar hunturu ta shekara da shekaru ta daskare a cikin tsaga, kuma idan allura ta bi ta kanta kamar ana goga yashi ne. Ruwa mai tsabta, ba mai zafi ba, da ɗigon sabulu mara ƙarfi, da burushi mai laushi, a bi tsagar yadda ta kewaya, kada a ratsa ta, kuma kada ruwa ya taɓa takardar tsakiya. A ɗauraye, a tsane da ƙyalle mai laushi, a jingine a inuwa ya bushe sarai. Ƙanena ya kawo shawarar sifirit, wai yana kashe ƙwayoyin cuta. Sifirit narkar da shalak yake yi, zai tafi da dattin ya tafi da waƙar. Kananzir ma a yi nesa da shi.

Ajiya kuma a tsaye ake yi, kamar littattafai a kanta, kowane cikin rigarsa ta takarda. Idan aka jibge su a kwance, nauyin na sama ya tsaga na ƙasa, haka muka tarar da guda biyar. Na roba abokin gabarsu zafi ne. Ku da kanku kun san yadda ɗakin kwano ke zama a Katsina cikin watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40. Faifan roba da ya yi bazara a irin wannan ɗaki sai ka same shi ya murɗe kamar ganyen da ya sha rana. Na mayar da su tsohon ɗakin soro na ƙasa, inda ya fi sanyi, na ɗaga su daga ƙasa saboda gara. Garmahon kansa ba a barin sifirinsa a ɗaure, in an gama a bar shi ya warware. Idan yana juyi kana jin wani gif-gif daga ciki, tsohon giris ne ya bushe, kuma wannan aikin mai gyaran agogo ne ko keken ɗinki. Kada yaro ya buɗe gidan sifirin, in ya kubce yana iya yanka hannu.

Kafin in ɗora kowane faifai nakan rubuta duk abin da ke jikinsa a littafi: sunan kamfani, sunan makaɗi yadda Bature ya rubuta shi ko da ya karkace, da lambar da ke takarda, da wata lambar da aka zana a fili tsakanin ƙarshen tsaga da takardar. Da wannan lamba ta biyu masana ke gano lokacin da aka ɗauki waƙa. Sannan in jira dare ya tsala, babura su ɗauke ƙafa, in ajiye waya kamar taki ɗaya daga bakin garmaho. Ba aikin ɗakin ɗaukar sauti ba ne, ana jin ƙarar allura, wani lokaci har da carar zakaran maƙwabta. Amma muryar na fita.

Akwai guda ɗaya da gara ta cinye takardarsa tas, ba suna ba kamfani. Da na ɗora shi sai muryar mace ta fito, da kiɗan ƙwarya, da mata na amsawa. Hajiya tana kan sallaya da carbi, sai na ga ta daina ja. Ta ce irin kiɗan da aka yi ke nan ranar da aka kawo ta gidan nan, tana kuka a cikin mayafi tana kuma kasa kunne. Ta bi amshin daga farko har ƙarshe ba ta yi tuntuɓe ba, ita da kan manta inda ta ajiye tabarau. Da ya ƙare ta ce in sake sa mata.

A nan gizo ke saƙar. Allurar garmaho sau ɗaya ake amfani da ita, gefe ɗaya allura ɗaya. An yi ta ne don ita ta cinye maimakon faifan, kuma da zarar bakinta ya dakushe, ita ce za ta koma cin faifan. Na jukubos kwabo yake ci, namu allura. Kakana ya bar ɗan gwangwani mai hoton karen nan, na kuma zagaya Babbar Kasuwa har wajen masu gyaran rediyo ban samu mai sayar da ita ba. Wani tsoho ma dariya ya yi, ya ce rabon da a tambaye shi allurar garmaho tun yana yaron shago. Ana samunta ta intanet daga waje, amma kuɗin kawowa ya fi ƙarfin ɗalibi. Gefe 14 suka rage mini ban ɗauka ba, allura kuwa 12.

Na zaro ɗaya na sake sa mata. Sauran 11 suna cikin gwangwani, Kawu kuma ya fara tambaya ko na kusa gamawa, don hadari ya soma haɗowa ta gabas.