Faifan da Ba Ya Jure Faɗuwa

Kalmar faifai ta yi doguwar tafiya a bakin Bahaushe. Ta tashi daga abin saƙa da ake rufe ƙwarya da shi, ta hau garmaho, yau kuma ta shige cikin kwamfutar tafi-da-gidanka, inda ɗalibin ilimin harsuna ke tara muryoyin da ya ɗauko daga Adar ko Gobir. Sai dai na cikin kwamfuta bai gaji haƙurin na ƙwarya ba.

A yawancin kwamfutocin da ke da irin wannan faifai, yana juyawa sau 5400 a minti ɗaya. Allurar garmaho sai ta taɓa faifai take fitar da murya. Ta kwamfuta kuwa shawagi take yi a samansa, da tazarar da silin gashi ya fi ta kauri sau dubbai. In kwamfuta ta faɗi tana cikin aiki, allurar ta daki faifan, ta kankare shafen maganaɗisun da ke riƙe da bayanai, ɓurɓushin kuma ya ci gaba da ɓarna a kowane zagaye.

Masu ƙira sun nemi magani. A 2003 kamfanin IBM ya sa wa ThinkPad wata ƴar na'ura mai jin motsi, Apple ya bi sahu a 2005. Da zarar ta ji kwamfuta ta kama hanyar ƙasa, sai ta janye allurar gefe. Faɗuwa daga tsayin mita ɗaya ba ta kai rabin sakan ba, duk a ciki za a gama aikin. Ba kowace kwamfuta ke da ita ba, mai sayar da ta hannu a kasuwa kuma da wuya ya ambata.

Akwai wata ɗaliba da ƴan ajinsu ke yi wa dariya saboda tsantseninta. Ba ta ɗaga kwamfutarta da zarar ta rufe murfi. Sai ta jira motsin ciki ya lafa, domin faifai a tsaye ya fi mai juyawa jure bugu nesa ba kusa ba. Takan naɗe ta da zane, ta goya jakar a baya in za ta hau kabu-kabu, ba ta yarda a ɗaure ta a kan ƙarfe. Wayar caji ma ba ta barinta a hanyar ƙafa. Masu dariyar ba su lura ba: ɗaya daga cikin tsofaffin da ta ɗauki Aderancinsu ta rasu bara, kuma babu inda za a sake jin karin muryarta.

Ma'ajiyar SSD ba ta da abin da ke juyawa, mai hali ya canza zuwa gare ta. Ita kuwa ɗalibar, kowace Juma'a takan kwafi muryoyin a ma'ajiya ta biyu, wadda ke kwana a wani ɗaki dabam.