Dattijon Matazu da Na'urar Neman Zinariya

Tun da 'yan ci-ranin da suka je haƙar zinariya Nijar suka fara dawowa da na'urar nan mai dogon hannu da faifai a ƙasa, wani dattijo a Matazu ya rasa sukuni. Ya haura saba'in, manomin auduga ne tun zamanin da ake auna ta a kasuwa a loda zuwa injin gurza na Funtuwa ko Malumfashi. Abin da ke tayar masa da hankali shi ne ganin samari majiya ƙarfi suna zagaya kufai da bakin rafi da filin Idi, kunnuwa a toshe da abin sauraro, suna lilo da faifan, alhali ba a kai taki gona ba.

Yana da dalilinsa. A shekarar 2014, da labarin zinariyar Jado da ta Cibarakaten ya cika ƙasar Hausa, ɗan ƙaninsa ya zo ya durƙusa ya ce, "Baba, a taimaka mini da jari." Dattijon ya amince aka sayar da shanun huɗar gidan guda biyu, aka sayi na'ura a hannun wani dillali. Sai a can cikin hamada, arewa da Agadas, yaron ya gane jabu ce. A 2017 gwamnatin Nijar ta rufe filin Jado, ya dawo da rai da lafiya, hannu wayam. Damuna uku gidan yana hayar garma, huɗa ba ta zuwa kan kari. Har yau idan aka yi zancen zinariya, zancen shanun nan yake komawa. Ba ya ɗora wa yaron laifi. Cewa yake shi ne babba, shi ya kamata ya tambayi yadda abin ke aiki kafin ya kwance igiya daga turke.

Wannan takaicin ne ya sa shi zama da waɗanda suka san na'urar yana yi musu tambayoyi, har ya zamana ya fi yawancin masu saɓa ta a kafaɗa sanin cikinta.

Abu na farko da yake gaya wa samari shi ne, na'urar ba ta san zinariya ba, ƙarfe kawai ta sani. Faifan yana aika ƙarfin maganaɗisu cikin ƙasa, duk ƙarfen da ya amsa sai ta yi kuka, ƙusa ce ko marfin kwalba ko zoben amarya. Akwai maɓallin tantancewa da ake murɗawa don ta yi shiru a kan tarkace, kuma a nan ne ake asara. Ƙaramar zinariya, irin ɗan kunnen yarinya ko siririyar sarƙa, amsarta kusan ɗaya ce da ta takardar alminiyam ta kwalin sigari da maɓuɗin gwangwanin lemo. Yaro ya gaji da tonon shara, sai ya murɗe maɓallin sama, na'ura ta yi tsit, ya bi ta kan abin da ya fito nema bai sani ba. Mai neman kayan ado dole ya bar tantancewar a ƙasa, ƙarfen ƙusa kaɗai zai kore, sauran ya tona. Sarƙa ta fi komai wuya, domin na'urar ƙwayoyinta take ji ɗaya-ɗaya, ba nauyinta gaba ɗaya ba.

Sai ƙasar kanta. Jar ƙasa da marmara cike suke da sinadarin ƙarfe, kuma su ne suka yi yawa a wannan yanki. Na'urar da ba a daidaita da ƙasar wuri ba surutu za ta yi ta yi kamar rediyon da aka ajiye tsakanin tasha biyu. Gyaran ba wuya: a sami wurin da ba ƙarfe, a riƙa ɗaga faifan ana saukewa har sautin ya zauna, a sake yin haka duk lokacin da launin ƙasa ya canja. Maɓallin ƙarfin ji kuwa, samari sun ɗauka ƙure shi ne gwaninta. Dattijon yana jin haushin wannan ƙwarai. A ƙara shi har ta fara kakabi, sannan a rage kaɗan, nan ne wurinsa. Kusa da wayar lantarki a ƙara ragewa, wayar salula kuma a kashe ta. Faifai ya tafi a kwance dab da ƙasa, a hankali, kowace shara ta ɗan hau kan ta baya.

Ya kuma san cewa na'urorin ba iri ɗaya ba ne. Masu saurin kaɗawa, irin Gold Monster 1000 ta kamfanin Minelab na Ostireliya mai kilohaz 45, ko Gold Bug 2 ta Fisher mai 71, su ke jin ƙananan abubuwa a kusa. Manyan nan na jerin GPX da suka yi tashe a Sudan da Nijar sun fi nitsawa cikin ƙasa mai ƙarfe, amma tsadarsu ta sa aka cika kasuwa da jabunsu. Masu eriya da ake cewa suna hango zinariya daga nisan kilomita, waɗannan damfara ce tsagwaronta. Zoben hannu da wuya a ji shi idan ya wuce zurfin taƙi guda. Garin zinariyar da ake wankewa a rafi ko wadda ke ɓoye a jikin dutse, na'urar ba ta jin ta ko kaɗan.

Wani lokaci, idan ya yi zurfi a wannan bayani, sai ka rantse talla yake wa na'urar. Yakan ba da labarin wani biki a unguwarsu da ɗan kunnen uwar amarya ya faɗi a tsakar gida, aka share, aka tankaɗe ƙasa, har aka fara yi wa wata 'yar aiki kallon zargi. Wani yaro ya zo da tasa na'urar, ya nemi a ba shi ɗaya ɗan kunnen ya ji irin kukansa, kafin la'asar ya zaƙulo shi a gindin randa. Dattijon ya ce ran nan ya sa wa ƙarfen albarka, domin ya wanke 'yar aikin. Da gari ya waye kuma ya koma yana cewa da za a bi tasa, da an tattara su duka an ƙona.

Abin da ya fi ba shi tsoro ya wuce asarar kuɗi. Ya tuna 2010, lokacin da gubar dalma ta kashe yara aƙalla 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Zamfara, saboda ana daka dutsen zinariya a cikin gidaje. Ya tuna Nuwamban 2021, da rami ya rufta a Garin Liman ta Ɗan Isa a jihar Maraɗi, mutum 18 suka rasu nan take. Ya ga yadda haƙar ta cuɗanya da ta'addancin 'yan bindiga har Gwamnatin Tarayya ta haramta ta a Zamfara a Afrilun 2019. Mutumin Matazu ba ya buƙatar a yi masa bayanin abin da 'yan bindiga ke yi wa gari. Amma ya san kuma cewa wa'azi bai isa ba: oza ɗaya, wato giram 31 da ɗoriya, ta haura dala 2,000 a 2020, ta haura 3,000 a 2025. Saurayin da ke ganin farashin taki yana hawa ba zai toshe kunne ga wannan ba. Shi ma, in ji shi, da yana da shekara ashirin da biyar, bai san abin da zai yi ba. Sai ya sake komawa kan shanun.

Akwai kuma maganar halas da haram, wadda ya ce ba ya jin samari suna yi. Zoben da aka tsinta a filin Idi yana da mai shi. Hukuncin tsintuwa a fiƙihun Malikiyya shi ne a yi cigiya shekara guda. Dukiyar mutanen dā ta kafin Musulunci da aka tono, a fitar da humusi. A dokar ƙasa ma, ta ma'adinai ta 2007 ta danƙa duk ma'adinan da ke ƙarƙashin ƙasa a hannun Gwamnatin Tarayya, tonon kayan tarihi kuma sai da izinin hukumar gidajen tarihi.

A kan kufai da tsofaffin kaburbura ne muryarsa ke tashi. A Durɓi ta Kusheyi da ke ƙasar Mani, masana sun tona kaburburan sarakunan dā a 1992, suka sami kayan ado na zinariya tare da wasu kayan da aka yo fatauci daga nesa, aka kai su Mainz ta Jamus aka gyara. Daga nan aka ƙara sanin irin arzikin Katsina da nisan cinikinta ɗaruruwan shekaru da suka wuce. Da mai na'ura ne ya riga su, da maƙeri ya narkar da su a yini ɗaya an sayar da giram-giram. Wanda ya tona makwancin kakanninsa don ɗan kunne, a wurin dattijon, ɓarawo ne ko da bai shiga gidan kowa ba.

Bai hana kowa saye ba, don ya san ba za a ji ba. Roƙonsa ga iyaye ne: duk wanda ɗansa ya zo masa da zancen na'ura, ya sa a binne ɗan kunnen zinariya a jar ƙasa tare da ƙusoshi da marafan kwalba, yaron ya nemo shi a gaban idonsa kafin a biya dillali ko kwabo. Kuɗin kuma ya fito daga ko'ina, ban da gona da abin da ake nome ta da shi.